Zafin Bazara Da Cinikin Dabbobi: Asarar Da Ba Ta Shiga Littafin Fataken Sabon Ibadan

Duk falken da ke kawo shanu ko raguna daga Arewa zuwa birnin Ibadan yana iya lissafa abin da ya kashe tun daga ranar da ya yi ciniki a Maigatari ko Illela har zuwa ranar da aka sauke masa kaya a kara: kuɗin saye, da na mota, da na lodi, da harajin hanya, da la'adar dillali, da abincin yara. Amma akwai wani kuɗi guda wanda ba a rubuta shi a littafi, ba a kuma yanka masa rasit, alhali kuwa a wasu watanni yakan kai nauyin wasu daga cikin waɗancan. Wannan kuɗi shi ne naman da zafi ke zaftarewa daga jikin dabba, da ƙwan da yake hana kaza ta saka, da kuma abincin da yake hana garke ya ci.

Wannan bayani ya shafi rukuni biyu na 'yan kasuwarmu da ke zaune a unguwar Sabo da kewayenta. Na farko su ne masu safarar dabbobi. Na biyu su ne masu kawo masara da waken soya da dusa, waɗanda manyan abokan cinikinsu su ne masana'antun haɗa abincin dabbobi da gidajen gonar kaji da na aladu da ke jihohin Oyo da Ogun da Legas. Dukkansu biyu ribarsu a rataye take da yawan abin da dabba ta ci da kuma yawan naman da ta mayar da shi, kuma zafi shi ne abu na farko da ke taɓa waɗannan biyun.

Sabo Da Tarihin Cinikin Shanu

An keɓe unguwar Sabo ga Hausawan Ibadan ne a shekarar 1916, a gefen Mokola, kuma tun daga wancan zamani arzikinta ya tsaya a kan kaya biyu: shanu da ke gangarowa Kudu, da goro da ke haurawa Arewa. Layin dogo ya iso Ibadan daga Legas a 1901, ya kuma haɗe da Kano a 1912, saboda haka aka samu shanu iri biyu a kasuwa, wato waɗanda aka koro a ƙasa da waɗanda aka ɗauko a jirgi.

Masanin halayyar al'umma Abner Cohen, wanda ya zauna ya yi bincike a Sabo a shekarun 1962 da 1963, ya bayyana a wata maƙala da aka buga a 1965 cewa kusan shanu 75,000 ake sayarwa don yanka a kasuwar Ibadan kowace shekara a wancan lokaci. Ya kuma nuna cewa kusan dukkan cinikin a kan bashi yake gudana: mai gida ne ke sauke falke, shi ke haɗa shi da dillali, shi ne kuma ke tsaya masa wajen karɓo kuɗi daga mahautan Yarbawa. Abin da ya tilasta wannan tsari shi ne cewa saniyar Arewa ba ta iya daɗewa a yankin kurmi. Ƙudan tsando na cizonta, cutar sammore ta kama ta, ta rame, in ba a gaggauta sayarwa ba ta mutu a hannun mai ita.

A yau tirela ta maye gurbin kora a ƙasa, akwai magungunan sammore a kasuwa, cinikin ma ya tashi daga inda yake a da. An buɗe kasuwar Bodija a 1987, babban kara yana Akinyele a kan hanyar Oyo, kuma a 2018 gwamnatin Jihar Oyo ta umarci mahautan birnin su koma babbar mayankar Amosun da ke wannan ƙaramar hukuma. To amma dokar kasuwar da Cohen ya gani tana nan daram: dabba kaya ce da ke raguwa a kowace rana da ta kwana ba a sayar ba, kuma mai kayan da ke raguwa shi ne mai rauni wajen taya farashi.

Yadda Jikin Dabba Ke Fama Da Zafi

Jikin kowace dabba mai jini tamkar murhu ne da ba ya mutuwa. Numfashi, da bugun zuciya, da tafiya, da narkar da abinci, da haɗa nono ko ƙwai, duk suna haifar da zafi a cikin jiki. Duk da haka wajibi ne zafin jikin ya tsaya a wuri guda: kimanin digiri 38 da rabi a ma'aunin Selshiyas ga saniya, kimanin 39 ga rago da alade, kimanin 41 ga kaza. Muddin iskar da ke kewaye da dabbar ta fi jikinta sanyi sosai, zafin yakan fita da kansa ta fata. Da zarar iskar ta kusanto zafin jiki, wannan ƙofa ta toshe, sai a koma ga hanya guda da ta rage, wato ƙafewar ruwa daga jiki ta hanyar gumi ko haki.

Idan wannan ma bai wadatar ba, dabbar takan yi abin da ya rage mata, wato ta rage wutar murhun. Tun da cin abinci na ƙara zafi, sai ta rage ci. Wannan shi ne tushen asarar gaba ɗaya. Abincin da dabba ta ci kashi biyu ne: kashin farko na riƙe rai ne, ba ya raguwa ko ana zafi ko ana sanyi, kashi na biyu kuwa, wato abin da ya ragu bayan an biya na farko, shi ne ke zama nama da nono da ƙwai. Saboda haka idan dabba ta rage kashi goma cikin ɗari na abincinta, ƙibarta ba kashi goma take raguwa ba, tana raguwa fiye da haka nesa, domin daga ɓangaren riba kaɗai ake cire gibin.

Bugu da ƙari, a lokacin zafi jiki yakan karkatar da jini daga hanji zuwa fata domin a sanyaya shi. Hanjin da bai samu isasshen jini ba yakan yi rauni, ya kasa tsotse amfanin abinci yadda ya kamata, ƙwayoyin cuta kuma su samu kafar shiga jini. Wannan ne ya sa zawo da ciwon huhu sukan biyo bayan kwanakin tsananin zafi, mai dabba ya kashe kuɗin magani yana zaton annoba ce ta shigo.

Ba ƙaramar dukiya ke salwanta ta wannan hanya ba, ko a ƙasashen da suka ci gaba. Wani bincike da masana a Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka suka buga a 2003 ya ƙiyasta cewa zafi na jawo wa masu kiwo a ƙasar asarar kimanin dala biliyan 2.4 a shekara idan ba a ɗauki matakin sanyaya dabbobi ba, da kimanin dala biliyan 1.7 ko da an ɗauka. A watan Yuni na 2022 kuwa, shanu aƙalla 2,000 suka mutu cikin 'yan kwanaki a wuraren kiwon turke na Jihar Kansas, sa'ad da zafi da laima suka haɗu, iska kuma ta tsaya.

Zafin Kano Daban, Na Ibadan Daban

Baƙon da ya zo daga Arewa yakan ɗauka cewa tun da ma'auni na haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri cikin watan Afrilu, a Ibadan kuwa yawanci yana tsayawa ne wajen 34 zuwa 35 a watannin Fabrairu da Maris, to dabbar da ta jure wa na Arewa ba za ta damu da na Kudu ba. Wannan lissafi ya bar abu guda a baya, wato laimar da ke cikin iska.

A rani iskar Arewa busasshiya ce, gumi na fitowa take shanye shi, jiki ya yi sanyi, kamar dai yadda ruwan randa ke yin sanyi saboda tsattsafar da ke ƙafewa a bayanta. A Ibadan kuwa, da zarar hunturu ya janye, iskar teku mai ɗauke da danshi takan shigo tun kafin ruwan sama ya sauka. Iskar da ta riga ta ƙoshi da ruwa ba ta karɓar gumi, sai ya tsaya a fata ba tare da ya sanyaya komai ba. Dare ma ba ya yin sanyin da zai ba dabba damar sauke zafin da ta tara da rana, sai ta wayi gari da ragowar na jiya, na yau kuma ya hau kai. Saboda haka ne masana kiwo ba sa dogara ga ma'aunin zafi shi kaɗai, sai sun haɗa shi da ma'aunin laima kafin su ce rana tana da haɗari ko ba ta da shi.

Abin da ya faru a tsakiyar watan Fabrairu na 2024 ya isa misali. A lokacin, wani matsanancin zafi mai laima ya rufe kudancin Afirka ta Yamma, har Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya ta fitar da gargaɗi ga jama'a. Ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta bayyana daga baya cewa idan aka haɗa zafin da laimar, abin da jiki ke ji ya kai kimanin digiri 50 a yankin, kuma sauyin yanayi ya ninka yiwuwar aukuwar irinsa sau goma. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ita ma ta tabbatar da cewa 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi.

Alade Da Kaza: Waɗanda Suka Fi Jigata

Hausawan Sabo, kasancewarsu Musulmi, ba sa kiwon alade, ba sa kuma cinikinsa. Amma kiwonsa babbar sana'a ce a Kudu maso Yamma. Rukunin gonakin Oke-Aro da ke kan iyakar Legas da Ogun yana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, kasuwar Katsit da ke kusa da Kafanchan a Jihar Kaduna kuma ta daɗe tana tura aladu Kudu a mota. Waɗannan gonaki daga kasuwar hatsi guda suke saye da masu kaji, don haka abin da ya same su yakan taɓa farashin buhu.

A cikin dabbobin gida babu wanda zafi ke wahalarwa kamar alade, domin kusan ba ya gumi, huhunsa ƙarami ne idan aka gwada da girman jikinsa, ga kuma kitse a ƙarƙashin fata da ke tsare zafi kamar bargo. Birgimar da yake yi a taɓo dabara ce ta aron ruwa a maimakon gumin da ba shi da shi. Wanda ake kiwo don nama ya fi samun sakewa a tsakanin digiri 18 zuwa 22, adadin da Ibadan ba ta cika gani da rana ba ko a watan Agusta. Irin na Turai masu saurin girma, kamar Large White da Landrace, sun fi na gida shan wahala, saboda saurin girman kansa zafi yake haifarwa.

Wani gwaji da masana a cibiyar binciken noma ta Faransa suka buga a 1999 ya nuna girman matsalar: uwa mai shayarwa da ke cin fiye da kilo biyar da rabi na abinci a rana a ɗaki mai digiri 18, ta koma cin kimanin kilo uku kacal a ɗaki mai digiri 29. Uwar da ta rage ci haka nononta na raguwa, 'ya'yan su taso ƙanana, ita kuma ta rame ta jinkirta ɗaukar sabon ciki. Namiji ma idan zafi ya buge shi, ƙarfin maniyyinsa na raguwa har tsawon makonni shida zuwa takwas. Tun da cikin alade kwana 114 ne, barbarar da ta lalace a watan Maris sai a wajen Yuli za a ga gibinta a yawan haihuwa, sa'an nan a ga gibin nama wajen ƙarshen shekara.

Kaza ma ba ta gumi, haki kaɗai take yi, ta fi kuma son digiri 18 zuwa 24. Yawan haki na fitar da iskar kabon daga jininta fiye da kima, alhali da wannan iska ce jikinta ke haɗa sinadarin ɓawon ƙwai. Shi ya sa a bazara ƙwai ke raguwa, ya ƙanƙance, ɓawonsa ya yi laushi ya riƙa fashewa a kiret kafin a kai kasuwa. A cikin kajin nama kuwa, waɗanda suka fi girma, wato waɗanda suka riga suka cinye jarin mai su, su ne zafi ke fara kashewa. Ibadan na daga cikin manyan cibiyoyin ƙyanƙyasar 'yan tsaki a Nijeriya, kuma daga nan ake lodinsu zuwa Kano da Kaduna da Sakkwato, don haka duk wani cikas da aka samu a nan sai an ji shi a Arewa.

Abin Da Ya Shafi Mai Sayar Da Hatsi

Masara ce ke ɗaukar kusan rabin buhun abincin kaji, ko ma fiye, kuma mafi yawanta daga kasuwanni irin su Saminaka da Giwa da Dandume da Dawanau take zuwa. Ga mai kawo ta, zafi na da tasiri ta fuska uku.

Na farko, ciniki yakan yi sanyi a lokacin da garkuna suka rage ci, kuma masu gonaki da yawa kan jinkirta zuba sababbin 'yan tsaki har sai ruwa ya sauka. Na biyu, irin kayan da ake nema yakan sauya. Abinci mai yawan ƙaiƙayi, kamar dusar alkama da tunkuzar ƙwarar manja, ya fi haifar da zafi a ciki wajen narkewa, mai kuwa shi ne mafi ƙarancin haifar da shi. Don haka masu haɗa abinci da suka san aikinsu kan rage dusa a bazara, su ƙara mai da waken soya da ba a tatse ba, domin ɗan abin da dabbar za ta ci ya ƙunshi ƙarfi mai yawa. Na uku, kuma mafi muhimmanci, shi ne bashi. Mai gonar da ƙwansa ya ragu ko kajinsa suka mutu a watan Maris ba zai iya biya a kan lokaci ba, ko da kuwa mutumin kirki ne. Wanda ya saba ba da kaya bashi na makonni biyu ko uku yana da kyau ya rage yawan abin da yake bari a hannun mutum guda daga Fabrairu zuwa Afrilu, ya kuma duba ko gidan gonar na da ruwa da iska kafin ya duba girman ginin.

Asarar Kan Hanya Da Ta Kara

Shanun Arewa, irin su Bunaji da Bokoloji da Rahaji, suna cikin waɗanda suka fi jure wa zafi a duniya. Suna gumi sosai, gashinsu gajere ne, ga yalwar fata a leɓe da cibiya da ke taimaka wa fitar zafi. Wannan baiwa tana aiki ne idan dabbar na tsaye a fili, iska na ratsa ta, ruwa na kusa. A cikin tirela kuwa babu ko ɗaya daga cikin ukun.

Daga Kano zuwa Ibadan tafiyar kusan kilomita 900 ce, ta Kaduna da Mokwa da gadar Jebba da Ilorin da Ogbomosho da Oyo, kuma motar shanu takan kwana a hanya. Muddin mota na gudu, iska na shiga. Haɗarin yana wajen tsayawa ne, ko a shingen karɓar haraji, ko a cunkoso, ko wajen gyaran taya da tsakar rana, domin a lokacin zafin jikin shanu talatin da ke manne da juna, da tururin fitsari da kashi, da zafin ƙarfen mota duk sukan taru wuri guda. Abin da dabba ke fara rasawa shi ne abin da ke cikin tumbi da mafitsara, wanda ke dawowa bayan ta ci ta sha. Idan tafiyar ta yi tsawo babu ruwa, sai tsoka ta fara bushewa, wannan kuwa kwanaki yake ɗauka kafin ya dawo.

A ɗauki misali don lissafi kawai: a ce an loda bijimai 30, kowanne kilo 300, aka kuma yi asarar kashi biyar cikin ɗari na nauyinsu. Kowane bijimi ya rasa kilo 15, motar gaba ɗaya ta rasa kilo 450, wato bijimi ɗaya da rabi sun ɓace ba tare da ko ɗaya ya faɗi ba. Ko da yake a kara da ido ake ciniki ba da sikeli ba, idon mahauci ya san ramin kwiɓi da faɗawar ido, kuma da su yake taya kaya.

Akwai kuma asarar da ke bayyana bayan yanka. Dabbar da aka yanka a gajiye ta riga ta ƙone sikarin da ke cikin tsokarta, wanda shi ne ke sa nama ya yi ja mai haske ya kuma jima bai lalace ba. Namanta yakan fito da duhu, ya yi tauri, ya yi saurin wari a kan tebur. Mahaucin da ya ɗauki irin wannan kaya bashi ya kasa sayarwa, a kan mai gida da falke maganar take komawa.

Babbar Sallah Na Shiga Bazara

Dalilin da ya sa wannan magana ta zama ta gaggawa yana cikin kalanda. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana goma sha ɗaya, don haka Babbar Sallah, wadda Yarbawa ke kira Ileya, tana matsowa baya kowace shekara. An yi ta 2024 a ranar 16 ga Yuni, ta 2025 a ranar 6 ga Yuni. Bisa lissafi, ta 2026 tana ƙarshen Mayu, ta 2028 farkon Mayu, ta 2030 tsakiyar Afrilu, ta 2033 kuma wajen tsakiyar Maris. Rabon da ta faɗo a waɗannan watanni tun tsakanin 1994 da 2001, lokacin da da yawa daga cikin masu jan ragamar fataucin a yau suke yara.

Ma'anar wannan ita ce, har tsawon shekaru masu zuwa, watanni ukun da ake turke rago kafin Sallah za su riƙa faɗawa a tsakiyar zafin Arewa, lokacin da ciyawa ta ƙare, harawa da kowa suka yi tsada, rijiyoyi suka yi ƙasa. Lodi ma a cikin wannan zafi za a yi shi, daga baya kuma sauke kaya ya dace da lokacin da Ibadan ta fi zafi da laima. Ragon da aka fi kashe wa kuɗi, wato Balami ko Uda da ya yi kitse, shi ne ya fi shiga haɗari, domin kitse na hana zafi fita. Wanda ya saba da Sallar damina ya gina lissafinsa a kanta, to kiɗa ya sauya, dole rawa ma ta sauya.

Matakan Da Ba Su Da Tsada

Masana a cibiyoyi irin su Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika kusa da Zariya, da sashen kimiyyar dabbobi na Jami'ar Ibadan, da Cibiyar Bincike da Horon Aikin Gona da ke Moor Plantation, su ne wuraren neman shawara ta musamman. Amma matakan farko sanannu ne, mafi yawansu kuma ba sa buƙatar wutar lantarki.

Ga mai safara: a shayar da dabbobi su ƙoshi kafin lodi, a yi lodi da yamma domin mafi tsawon tafiyar ya kasance cikin dare, a kuma rage yawan kaya a watannin zafi, domin kuɗin motar da aka ƙara wa kowace dabba bai kai farashin guda da ta faɗi ba. Idan tsayawa ta zama dole da rana, a nemi inuwa, kada a rufe mota da tamfol ta yadda iska ba za ta ratsa ba. Bayan an sauke, a ba da ruwa da busasshiyar ciyawa tukuna kafin dusa, a bar dabbar ta huta kafin a fitar da ita kasuwa ko mayanka.

Ga mai turke da mai gidan gona: ruwa shi ne kan gaba, domin buƙatarsa na iya ninkawa a zafi, babban sa kuma yana iya shan lita 50 ko fiye a rana. A sa tankin ruwa a inuwa, a binne bututu a ƙasa, domin dabba ba ta son ruwan ɗumi. A gina rumfa doguwa daga gabas zuwa yamma don kada rana ta shiga ta gefe, a ɗaga rufin sama, a bar gefuna a buɗe, a shafa wa kwano farin fenti ko a shimfiɗa masa ciyawa. A ba da mafi yawan abinci da asuba da kuma bayan la'asar, tun da zafin narkewa yakan kai ƙololuwa sa'o'i huɗu zuwa shida bayan ci. Inda iska ke da laima, jiƙa dabba da ruwa na amfani ne kawai idan akwai iskar da za ta busar da shi, in ba haka ba sai ya ƙara wa ɗakin turiri. Allurar rigakafi da kamu da awo duk a yi su da sanyin safiya.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin mutum guda. Rumfuna da rijiyoyin burtsatse a kara, da wuraren shayarwa a kan hanyar Mokwa zuwa Ilorin, da rage tsayar da motocin dabbobi da rana, aiki ne na ƙungiyoyin fatake tare da hukuma. An kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya a watan Yuli na 2024, saboda haka akwai ƙofar da za a kai irin wannan buƙata. Kafin nan, abin da ke hannun kowane ɗan kasuwa shi ne ya buɗe wa zafi nasa layi a littafin lissafi daga Fabrairu zuwa Mayu, ya riƙa rubuta yawan dabbobin da ya loda, da sa'ar da aka tashi, da sa'ar da aka sauka, da kwanakin da suka yi kafin a sayar, da farashin da aka taya. Bayan tafiya uku ko huɗu, littafin da kansa zai nuna masa yawan kayan da ya kamata ya loda da kuma lokacin da ya fi dacewa ya tashi.